Ƙarshen Mai Fito

Abubuwa da yawa na aikin nan sun zube mini daga ka, har da sunayen finafinan da na kwafa da hannuna ba adadi, amma ban taɓa mantawa da ranar da Baba Nomau ya shigo shagonmu da kaset ƙunshe cikin ɗankwali ba. Ku da kuka shigo sana'ar tura finafinai a waya kwanan nan kuna yawan yi mini tsiya, wai ina ɓata lokaci wajen sauraron mai saye kafin in taɓa kwamfuta. To ga dalilin. Sai dai ku yi haƙuri, dole in fara da bayanin abin da yawancinku ba ku taɓa riƙewa a hannu ba.

Sunana Sani, amma a kasuwar Yelwa in ba ka ce Sani Mai Kaset ba babu wanda zai gane. Na shiga shagon Alhaji Ladan a farkon shekarun casa'in, ina saurayi. A lokacin aikin hawa-hawa ne. Akwai mai shara da jera kaset a kanta, akwai mai ba da haya wanda ya san fuskar kowa da gidan kowa, sannan mai kwafi, wanda shi ne babba bayan mai shago. Duk na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kwafi kuwa ga yadda yake: ana kawo mana kaset guda daga Sakkwato ko Kano, shi muke kira uwa. Sai a haɗa bidiyo biyu da waya, uwa tana juyawa a ɗaya, kaset marar komai yana ɗauka a ɗayan. Duk abin da ke jikin uwa shi 'ya'yanta za su gada. In hotonta yana rawa nasu ya yi rawa, in muryarta ta shaƙe tasu ta shaƙe.

Matsalar ita ce kaset awa uku yake ɗauka, finafinan Indiya na da kuwa ba su san gajiya ba, wani sai ya zarce. Masu dabara sukan datse waƙa ɗaya ko biyu daga tsakiya don ƙarshen ya samu wuri. Wanda ya yi uwar fim ɗin da nake ba ku labari bai yi haka ba, wataƙila waƙoƙin ne suka yi masa daɗi ya kasa taɓa su. Ya bar fim ya yi ta tafiya har zaren kaset ya ƙare. Mu kuma wannan uwar kaɗai muka samu, ita ta haifi duk kwafin da ya shiga gidajen Yauri da Shanga da ƙauyukan bakin ruwa har Wara.

Sunansa na Indiyanci ba ya zama a bakinmu, sai muka sa masa Mai Fito, domin jarumin aikinsa ke nan, ƙetarar da mutane kogi a kwalekwale. Yarinyar kuma muka ce mata 'Yar Gaɓa, don kullum a bakin gaɓa take tsaye. Babu fassara a wancan zamanin. Da ido muke jin Indiyanci, inda ido ya kasa waƙa ta ƙarasa mana. Fim ne mai waƙa da yawa, kuma ba a gaggawa cikinsa. Sai a nuna maka ruwa yana tafiya, kwalekwale yana tafiya, sarewa tana bin su a hankali, babu wanda ya ce uffan. Mutanen bakin ruwa suka ɗauke shi tamkar a ƙofar gidansu aka yi shi.

Can wajen ƙarshe wani abu ya faru da ba mu gane ba, Mai Fito ya ɗaure kayansa zai bar gari. 'Yar Gaɓa ta tsaya ƙarƙashin wata bishiya tana waƙar bankwana, shi kuma yana tura kwalekwale da gwangwala yana nisa. Ta ɗaga hannu, ta buɗe baki za ta ja baitin ƙarshe, sai allo ya yi shuɗi, bidiyo ya yi ƙara ya fara mayar da zare da kansa. Iyakar abin da ƙasar Yauri ta sani ke nan game da Mai Fito. Da farko mutane sun yi ta zuwa shago suna faɗa, daga baya suka saba, kowane gida ya ƙera nasa ƙarshen.

Baba Nomau mutumin wani ƙauye ne na bakin tafki a ƙasar Ngaski, kusa da Wara. Shi ma fito yake yi, da jirgi mai inji, yana kawo 'yan kifi da buhunan shinkafa Yelwa ranar kasuwa. Yana cikin na farko da suka sayi bidiyo da janareta a ƙauyensu. Ya yi ta hayar Mai Fito har Alhaji ya gaji ya ce in yi masa nasa kwafin ya tafi da shi mu huta. Ba don kansa yake karɓa ba, in ji shi, don mai ɗakinsa ne, wadda bai taɓa kiran sunanta a gabanmu ba, sai dai Innar Bello. Ban taɓa ganinta ba, amma na san ra'ayinta fiye da na wasu 'yan uwana, saboda duk ranar kasuwa sai ya kawo mana ƙararta. Ita ta ce Mai Fito yana dawowa. Shi ya ce namijin da ya ɗaure tabarmarsa ya sa a jirgi ba mai dawowa ba ne, shi ya san masu jirgi. Ita ta ce ai shi ma mai jirgi ne, ga shi kullum yana dawowa ya dame ta. Haka suka yi ta yi, kaset ya wuce, faifan CD ya zo ya wuce, su suna nan a kan bakansu.

Yanzu ku dubi shagon yadda ya koma. Kantocin da ke cike da kaset babu komai sai caja da murfin waya. Da, in na kunna talabijin don gwada sabon fim, sai ƙofa ta toshe da mutane, mai kifi ya ajiye kwandonsa, ɗan acaba ya kashe mashin, a yi ta gardama. Yau mutum zai miƙo waya, ya faɗi abin da yake so ba tare da ya dube ni ba, ya toshe kunnuwansa ya tafi. Alhaji ya tsufa, yana zaune a kujerarsa bakin ƙofa, rabin yini gyangyaɗi yake yi. Wani lokaci nakan wuni ban yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ba ƙorafi nake yi ba, amma akwai kaɗaici a cikin aikin nan wanda da babu shi.

Daminar bara waccan aka fito da sabon Mai Fito. Indiyawan ne suka sake yin sa da sababbin 'yan wasa, masu fassara kuma suka juya shi Hausa. Na tura shi har hannuna ya gaji. Kuma don kada ku ce tsufa ne ke damuna, zan faɗi gaskiyarsa: hoto garau, kana ganin ɗigon ruwa a goshin mutum. Yarinyar ta iya wasa, kuma an ba ta baki, tana mayar wa mahaifinta magana, tana da aikin yi, ba tsayuwar gaɓa kaɗai ba. Wannan ya burge ni. Amma kogin ya koma teku, kwalekwale ya koma jirgi mai gudu kamar an koro shi, sarewar nan kuma an binne ta ƙarƙashin ganguna, sai ka ce a shagon mai walda ake waƙar. Waƙar bankwana da mutum biyu suka yi a tsohon, a sabon sai ga 'yan rawa sun cika gaɓa, ban san daga ina suka fito ba. Babban abin da ya kashe mini shi, jarumin ya tafi da waya a aljihu. Kullum suna magana, suna ganin juna. Rabuwar da ake gaisawa safe da yamma ai ba rabuwa ba ce. Kafin ka gama tausaya musu ya dawo da arziki, an yi biki, kowa ya watse.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ana yayyafi, sai na ga mutum ya tsaya a ƙofa yana kakkaɓe ruwa daga hula. Na daɗe ban ga Baba Nomau ba, tun da ya bar wa ɗansa Bello jirgi. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Suka gaisa da Alhaji, suka taɓa tsokanar da suka saba, amma ba ta yi nisa ba. Ya zauna a benci, ya kwance wani ɗankwali mai ruwan goro, ya fito da kaset. Farar fumfuna ta cinye zaren. A jikin takardar an rubuta MAI FITO da jan biro.

"Sani, kana gane wanga?"

"Baba, ai rubutuna na. Ina Inna? Ko ita ta aiko a gyara mata?"

Ya shafa ɗankwalin a gwiwarsa. "Innar Bello ta rasu. Watan azumin da yaw wuce."

Na yi salati. Alhaji ya gyara zama, muka yi masa gaisuwa, muka yi mata addu'a. Na ji kunyar tambayata, amma shi bai ma lura ba, abin da ya kawo shi ne a ransa.

"Jikokina sun nuna man sabo cikin waya," in ji shi. "Sunka ce, Kaka, ga fim ɗinku an sake, ga ƙarshe nai, ya dawo. Nic ce wa ad dawo? Wanga yaro mai ƙirji awa buhun shinkahwa? Ba shi na yat tahi ba, ƙaƙa za a ce shi ad dawo? Ni na da nika so. Ka samo man shi cikakke in gani da idona. Shekara da shekaru tana ce man shina dawowa, ina ce mata bai dawowa. Yanzu ta tahi ta bar ni da magana a baki."

Na ce masa zan nema, ya dawo kasuwa mai zuwa.

Neman tsohon fim ba kamar na sabo ba ne. Sunan da muka sa masa babu wanda ya san shi a wajen ƙasar nan. Sai da na koma farkon sabon, inda suke rubuta godiya, na tsinci sunan na asali, na aika wa wani abokin sana'a a Kano. Shi ya nemo mini. Saukar da shi ma aiki ne, sabis yana zuwa yana ɗaukewa saboda hadari, sai da na yi ta lallaɓa shi kamar mai jinya. Kuma kun san dokar shagonmu tun zamanin kaset, wadda har yau nake fama da ku a kanta: ba a ba mutum abin da ba a duba ba. Ko ya lalace a tsakiya, ko akwai abin da bai dace ya shiga gidan mutane ba, kai za a zaga, ba Indiyawa ba. Don haka da rana ta yi, kasuwa ta lafa, na zauna ni kaɗai na kai shi wajen waƙar bankwana.

'Yar Gaɓa ta ɗaga hannu, ta buɗe baki. Jikina ya saba, har na kai hannu zan kashe. Sai kawai ta ci gaba da waƙa. Kusan duk rayuwata na san matar nan da baki a buɗe, yau ga shi ta rufe shi.

Abin da ya rage ba shi da tsawo. An nuna ruwa ya cika ya janye, ya cika ya janye, bishiyar ta ƙara girma. Sai ga kwalekwale daga nesa, wani tsoho yana tura shi da ƙyar. Mai Fito ne, kansa fari fat. Ya ɗaure jirgi, ya hau gaɓa, babu kowa ƙarƙashin bishiya. Wata tsohuwa ta fito daga wata bukka ta dube shi, ta koma ciki, ta kawo masa awarwaron 'Yar Gaɓa ƙunshe a tsumma, ta girgiza kai. Ba a bukatar fassara. Ya zauna a inda take tsayawa, ya ja waƙar nan tata shi kaɗai, babu ganga, babu kowa, muryarsa tana karyewa. Hoto ya yi ta ja da baya har ya zama ɗan ɗigo a bakin ruwa. Shi ke nan.

Na tuna awarwaro a tsumma, na tuna kaset a ɗankwali, raina ya ɓaci ƙwarai. Na tashi Alhaji na nuna masa. Ya kalla har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge.

"Ka ce mai ba a samu ba," in ji shi. "Tsoho na, shi ɗai ya rage cikin ɗaki. Mi za ka ƙara mai?"

"Alhaji, in nic ce ba a samu ba, wani shago za shi. Su tura mai ba su duba ba, shi tahi gida shi kalla shi ɗai."

Ya juya yana kallon titi. Can ya ce, "To, kai ka sani. Amma in za ka nuna mai, ka ja ƙyaure. Ban son a shigo ana kallon hawayen dattijo."

A shekarun da na yi ƙarƙashin Alhaji ba kasafai nake musa masa ba, kuma har ranar kasuwar ta zo ban tabbata ni ke da gaskiya ba. Abin da nake tsoro ba kukan ba ne. Gardamar nan ita ce abin da ya rage masa na matarsa, ni kuma ga shi zan kashe ta da hannuna.

Ya zo bayan azahar, da wankakkiyar riga, har da turare. Na ce masa, "Baba, an samu, kuma na duba. Ƙarshen na da nauyi. In kana so in hwaɗa maka da baki, in kuma kana so mu bar shi, duk ɗaya na."

"Ka kunna daga farko," ya ce. "Ban yi tahiyar ga don a ba ni labari ba."

Na ja ƙyaure, na haɗa kwamfuta da babbar talabijin, na ba shi kujerata. Alhaji ya riga ya shigo da tasa. Mu uku, ruwa yana dukan kwano a hankali. Rabon da a zauna a kalli fim tare a shagon nan har na manta.

Da farko bakinsa bai tsaya ba. Da aka nuno jarumin a jirgi ya buga cinya. "Ka gani? Dubi ƙahwa tai inda ya aje ta. Wanga ya san ruwa, ko an koya mai da kyau. Na sabon ga riƙon gwangwala shikai awa mai kakkaɓar mangwaro." Da aka zo waƙar farko ya ce a nan Innar Bello take tashi ta duba tukunya, don ba ta son 'yar rawar da ake yi, wai ta cika karairaya. Da aka zo inda mahaifin yarinyar yake faɗa, ya ce Innar Bello ta ce korar Mai Fito ya yi, shi kuwa ya ce neman arziki ya fitar da shi. Na ce ai a fassarar sabon an ce neman ƙanensa ya tafi. Ya harare ni. "Na sabo kenan. Wanga ba a hwaɗa muna ba." Na ja bakina, domin gaskiyarsa ce, tsohon bai zo da fassara ba, har yau ban san abin da ya fitar da mutumin nan daga gari ba.

Muka tsaya muka yi la'asar muka dawo. Tun daga nan maganarsa ta ragu. Da sarewar waƙar bankwana ta fara, na ga leɓensa yana motsi, yana bin waƙar da kalmomin da ba Indiyanci ba, ba kuma Hausa ba, irin yadda kunne ya kama su shekara da shekaru. 'Yar Gaɓa ta ɗaga hannu. Ya dafa gwiwa zai miƙe, kamar yadda ya saba tashi ya kashe janareta. Da ya ji muryar ta wuce inda ya sani, sai ya koma ya zauna a hankali, ya riƙe hannun kujera.

Ban kalli talabijin ba, ban kuma kalle shi kai tsaye ba. Ƙasa na duba. Na ji lokacin da numfashinsa ya canza, da kwalekwalen ya ɓullo. Na ji ya ce, "A'a!" can ƙasa-ƙasa, da murna a ciki. Sannan aka kawo awarwaro, sai shagon ya yi tsit, ban da ruwan sama da muryar tsohon nan na cikin fim.

Da rubutu ya fara hawa na kashe. Alhaji yana ta jan carbi.

"Ya dawo," in ji Baba Nomau.

"Ya dawo, Baba."

"Kulu ta yi gaskiya."

Ranar na fara jin sunanta. Ya share fuska da hannun riga, sannan ya ɗaga yatsa kamar wani ya musa masa. "Kuma ba ta taɓa cewa shina iske ta ba hwa. Dawowa tac ce. Ya ko dawo."

Sai na koma ga aiki, wanda shi na iya. Na ce ya kawo wayarsa in sa masa duka biyun, tsoho da sabo. Ya miƙo wata ƙaramar waya da Bello ya saya masa. Ya ce sabon a bar wa jikoki, ba shi da laifi, nasu ne. Tsohon yake so. Har na fara turawa sai ya dafa mini hannu.

"Kana iya yanke shi?"

"A yanke ina, Baba?"

"Inda namu yat tsaya."

"Baba, bayan duk wahalar da munka sha kahin a same shi cikakke?"

"Na gani, ya isa," ya ce. "Wanga ƙarshe ai cikinai nike kwana, cikinai nike tashi. Ba sai an sa man shi cikin waya ba."

Yankan fim a kwamfuta ba wuya, kun sani, amma ban taɓa yin wanda aka tsaya a kaina haka ba. Na kai wurin, ya ce na wuce. Na dawo baya, ya ce ban kai ba, hannunta bai gama tashi ba. Muka yi ta matsawa kaɗan-kaɗan har ya ce, "Nan." Bakinta a buɗe, baitin bai fito ba. Sannan ya tambaya ko ana iya sa shuɗin nan da ke biyo baya. Na nemo shuɗin allo na liƙa masa a ƙarshe, na bar shi ya ɗan jima. Ya kalla a wayar, ya gyaɗa kai. Ya ninke ɗankwalin ya sa a aljihun ƙirji, kaset ɗin kuma ya ce in ajiye, a nan aka haife shi. Na raka shi har bakin ruwa inda jirgin ƙauyensu yake lodi. Bai waiwayo ba, ni ma ban jira jirgin ya tashi ba.

Bayan ruwa ya janye, an fara yankan shinkafa, sai ga Bello da wayar a hannu. Mutum ne mai natsuwa, amma ranar da ɗan zafinsa ya zo.

"Malam Sani, aikin da kunka yi ma Baba bai cika ba. Fim ɗin yankewa shikai."

Na ce ya zauna. Na tambayi lafiyar tsohon.

"Lahiya lau, sai dai abin na damunmu. Kullum bayan la'asar shina shimhiɗa tabarma ƙohwar ɗakin Inna, shi kunna. In ya kai inda allo ka yin shuɗi sai shi ce, 'Bai dawowa.' Shi yi shiru. Can sai ka ji ya yi 'yar dariya shi ce, 'To, mu gani.' Shi ɗai hwa, ba kowa wurin. Tausai shika ba mu. Ku cika mai shi ga ƙarshe, ko hankali nai shi kwanta."

Na gaya masa cewa mahaifinsa ya ga ƙarshen, a kan kujerar nan da yake zaune, kuma shi ya sa aka yanke. Na ba shi labarin yadda aka yi. Bello ya daɗe yana juya wayar a hannu.

"To in ya san ya dawo, mi ya sa shika cewa bai dawowa?"

"Nashi shika hwaɗi," na ce. "In yac ce shina dawowa, ya ɗauke ma Inna nata. Mi za ta amsa mai da shi?"

Bello ya miƙe. Ya sa wayar a aljihu, ya yi wa Alhaji sallama, ya fita. Daga ƙofa na ga ya tsaya a gefen titi ya ɗan jima, 'yan acaba suna yi masa magana bai ji ba.

Ga abin da nake so ku riƙe. Mu a ganinmu aikinmu cika waya ne, kuma mafi kyawun kwafi shi ne mafi tsabta, mafi cika. Yawanci haka ne. Amma mutane ba fim kaɗai suke zuwa nema ba. Wani yana neman ɗakin da ya fara kallonsa, wani yana neman wanda ke zaune kusa da shi a lokacin, kuma ba zai faɗa maka ba sai ka bar shi ya yi magana. Shi ya sa in an tambaye ni tsakanin tsohon Mai Fito da sabo wanne ya fi, na daina saurin amsawa. Nakan tambayi mutum da wa ya kalla. Masu kallon sabon ma wata rana za su tsufa, wani zai zo yana neman wannan mai gangunan da nake zagi, idonsa cike da ƙwalla, ku kuma lokacin ku ne tsofaffin shago. Ku ja masa kujera.

Kaset ɗin yana nan a kanta ta sama, kuna ganinsa kullum kuna tambaya me ya hana a jefar. Yankakken kwafin ma ban goge shi daga kwamfuta ba. Wani lokaci da la'asar, in kasuwa ta mutu, Alhaji yana gyangyaɗi, nakan kunna shi daga waƙar bankwana. In allo ya yi shuɗi ba na kashewa nan da nan. Nakan bar shi ya ɗan jima, domin na san a can bakin tafki akwai wanda ya faɗi tasa, yana jira a ba shi amsa.